Yadda Ake Sake Ɗura Harsashin Libarba, Da Yadda Zaka Zaɓi Matsin Bakin Da Ya Dace

Ranar da libarbata, wato ƙaramar bindigar hannun nan mai silinda mai juyawa, ta cije a filin harbi ban san me ya faru ba wallahi, na harba huɗu lafiya lau, na zo na biyar kunama ta ƙi ja, silinda, gangar da ake jera harsasai a ciki, ta ƙi juyawa, na yi na yi na buɗe ta ta gefe ita ma ta ce bata san zancen ba. Wani dattijon bature da ke layin kusa da ni ya leƙo, ya ce in kwantar da ita bakinta na kallon gaba, ya nuna min da ɗan yatsa: ƙwayar harsashi ɗaya ce ta leƙo daga gaban silinda kamar kan ƙadangare a rami, ta tokare gindin bututun. Harsashin da ni na ɗura da hannuna ne a gareji, .357 Magnum, kuma duk abin da littafi ya ce na bi, in ka cire abu ɗaya, ban matse bakin kwanson yadda ya kamata ba. Shi ne abin da turawa ke kira kirimp, kuma shi ne zan fi daɗewa a kai.

Amma bari na fara share wani abu dan kar a zo ana cewa ban faɗa ba. Ni a Texas nake, a Amurka, inda dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa ba sai da lasisi ba, sayarwa ce take buƙatar lasisi. Duk da haka ba kowa ba, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara a asali an hana shi riƙe harsashi sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da doka ta yi, kuma a dokarsu kwanso da albarushi da firaima duk sunansu harsashi, sannan kowace jiha da nata ƙa'idojin. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, haɗa harsashi a gida kuma laifi ne na ɗauri, saboda haka wanda ke gida ya karanta dan ilimi kawai. Kuma ba zan rubuta adadin albarushi ko ɗaya ba, wannan a littafin ɗuri ake ɗaukowa, irin na Lyman ko Hornady ko Speer ko bayanan da kamfanin Hodgdon ke fitarwa, duk wanda ya baka awon albarushi da ka a intanet kar ka karɓa ko da limamin unguwarku ne.

Harsashi abu huɗu ne. Kwanso na tagulla, firaima wato 'yar hular nan ta gindi da allura ke sara, albarushi, sai ƙwaya wadda ita ce ke fita. Uku suna tafiya in ka harba, kwanso ne ke saura, kuma shi ya fi tsada a cikinsu, shi yasa ake sake ɗurawa. Daɗin libarba shi ne bata watsar da kwanso a ƙasa kamar fistol, a tafin hannunka zaka zazzage abinka ka zuba a aljihu.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane: injin matsi mai hannu ɗaya da zaka ɗaure a teburi mai ƙarfi, saitin dayis na girman harsashinka, wato ƙarafan da ake murɗawa a saman injin kwanso ya shiga ciki su gyara shi, mariƙin kwanso, sikelin da ke auna giren, kalipa mai auna kashi ɗaya cikin dubu na inci, mazurari, faranti mai ramuka na jera kwanso, gudumar roba ta cire ƙwaya, tocila da gilashin kare ido. Giren ɗin nan ƙaramin awo ne sosai, giram ɗaya giren 15.4 ne, kaga kenan sikelin kicin bashi da wurin zama anan. Ni na RCBS na fara da shi, Lee ya fi araha kuma yana aiki, kuma galibin dayis bakin zarensu ɗaya ne, na wannan kamfani yana hawa injin wancan. Ka sayi dayis mai zoben kabayid a ciki, wani ƙarfe ne mai taurin gaske, shi baya buƙatar ka shafa wa kwanso mai.

Mataki na farko tsince kwanso. Zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya, mai tsaga a baki ka yar, mai kumburi ka yar, na alminiyon da na ƙarfe suma ba'a sake ɗura su. Leƙa ciki da tocila, in rami ɗaya ka gani a tsakiya to Boxer ne yana ɗuruwa, in ƙananan ramuka biyu ne Berdan ne, zai karya maka allurar dayis. Abin dariya Boxer Ba'ingile ne amma Amurka ce ta rungumi tsarinsa, Berdan kuma Ba'amurke ne Turai ta ɗauki nasa. Ka raba .38 Special daban da .357 Magnum, kaurinsu ɗaya amma tsawon kwanson .38 inci 1.155 ne na .357 kuma 1.290, in suka cakuɗe maka a lokacin matse baki zaka sha mamaki. Sai wanki, a injin girgiza da garin ɓawon goro irin nasu na turawa ko garin totuwar masara, awa biyu ya isa. Ƙurar nan akwai dalma a ciki daga firaima, kar ka yi a ɗakin da yara ke shiga, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.

Na biyu mayar da kwanso girmansa. In aka harba kwanso yana ɗan buɗewa ya kama bangon silinda, dayis na farko shi ke matse shi ya koma yadda yake, a tafiya ɗaya kuma ya turo tsohuwar firaima waje. Ka ja hannun injin mariƙi ya hau sama, ka murɗa dayis har ya taɓa mariƙin, ka kulle zobe. Riƙe wannan a ranka dan zamu dawo kansa: matsewar nan ta yanzu ita ce ainihin abin da ke riƙe ƙwaya, ba kirimp ba.

Na uku shi ne wanda masu fistol da yawa ke tsallakewa, mai libarba kuma bai isa ba, wato daidaita tsawo. Dayis ɗin matse baki a wuri ɗaya yake tsaye, bai san wane kwanso ne dogo wane ne gajere ba, dogon zai sha matsi har ya lanƙwashe, gajeren ko taɓa shi ba zai yi ba. Ni abin da ya kayar da ni kenan a ranar can, kwansunan tsince-tsince ne na kamfani kusan biyar, na saita da dogo, gajerun suka wuce haka nan bakinsu a sake. Ka auna bayan ka matse, ba kafin ba. Ka nemo mafi gajarta a cikin masu kyau ka yanke sauran su zo daidai da shi, ko ka bi awon yanka na littafi wanda yawanci inci 0.010 ne ƙasa da iyakar tsawo, misali .357 a 1.280, .44 Magnum a 1.275. Bayan yanka ka ɗan kankare bakin ciki da waje ya daina kaifi. Sau ɗaya zaka sha wannan wahalar, kwanson libarba miƙaƙƙe ne baya saurin ƙara tsawo kamar na doguwar bindiga.

Na huɗu buɗa baki. Dayis na biyu yana shiga ya ɗan buɗe leɓen kwanso kamar bakin algaita dan ƙwaya ta samu wurin zama. Kaɗan ake so, iya yadda in ka ɗora ƙwaya zata tsaya da kanta bata faɗi ba, ido ma da ƙyar zai gani sai dai yatsa ya ji. In ka buɗe da yawa tagulla na gajiya baki ya tsage da wuri, in baka buɗe ba kuma bakin zai fere gefen ƙwayar dalma kaga wani ɗan zobe na dalma ya taru a wuya. Masu ƙwayar dalma da yawa sun fi son dayis ɗin Lyman da ake ce wa M, dan shi ɗan mataki yake yi a ciki ƙwaya ta zauna a miƙe.

Na biyar firaima. Sa gilashinka tukuna. .38 da .357 ƙaramar firaimar fistol suke ci, .44 da .45 Colt babba, kuma in littafi ya ce magnum to magnum ɗin zaka sa. Ka tura ta a hankali har ka ji ta zauna a ƙasan rami, ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso kamar inci 0.003 zuwa 0.005. Shafa da yatsa, ko ka tsayar da kwanson a kan gilashi, in yana rawa firaima ta yi tudu, kuma firaima mai tudu ita ma tana cije silinda ta baya. In ka ji ta shige sululu babu wani tauri, ramin ya buɗe, kwanson ya gama aiki.

Na shida albarushi, anan ne ake rasa yatsu. Gwangwani ɗaya tak a kan teburi, waya a ɗaki, babu sigari, babu hira. Ka nemo layin da ya dace da nauyin ƙwayarka da irinta da sunan albarushinka harafi da harafi, ka fara daga awon farawa ba na ƙarshe ba. Kwanson .38 Special tun 1898 aka yi shi lokacin baƙin albarushi, shi yasa yake da zurfi, albarushin zamani mai saurin ci irin Bullseye ko Titegroup ɗan kaɗan ne a can ƙasa, zaka iya zuba sau biyu bai cika ba balle ya zube ka farga. Saboda haka in ka gama zuba wa faranti guda, ka miƙe tsaye ka haska tocila layi layi kaga duk tsayinsu ɗaya. Wanda babu komai a ciki shi ma bala'i ne, firaima kaɗai zata tura ƙwaya ta maƙale a bututu, na bayanta ya zo ya tarar da ita. In kana harbi ka ji ƙara ta fito wani iri, fus, babu shuri, tsaya cak ka duba bututu.

To yanzu mun iso inda nake so.

Me yasa libarba ke buƙatar matsin baki daban da fistol? A fistol harsashi yana cin karo da gangarar da ke gindin bututu lokacin shiga, haɗarin shi ne ƙwaya ta koma ciki, wuri ya ragu, matsin iska ya hau. A libarba akasin haka ne. In ka harba ɗaya bindiga tana shuri baya, silinda ta fizgi sauran kwansunan ta leɓen gindinsu, ita kuma ƙwaya mai nauyi tana son ta tsaya inda take, kamar a fizge tabarma a ƙarƙashin tulu. Kowane harbi ƙwaya na ɗan zamowa gaba, na ƙarshe a silinda mai cin shida ya sha fizga biyar kafin layi ya zo kansa. Iya nauyin ƙwaya, iya ƙarfin ɗuri, iya rashin nauyin bindiga, iya yadda abin ke ƙaruwa. Ruger GP100 mai bututun inci 4 ta haura kilo ɗaya, Smith & Wesson 340PD kuwa ko giram 350 bata kai ba kuma ita ma .357 take ci, harsashin da ya zauna lafiya a ta farko zai iya zamewa a ta biyu. Dalili na biyu, albarushi mai jinkirin ci irin H110 ko Winchester 296 ko 2400 yana son a ɗan riƙe ƙwaya na ƙiftawar ido kafin ta tashi dan wuta ta kama shi sosai, in bakin a sake yake zaka ga garin da bai ƙone ba da gudu mai hawa da sauka.

Matsin iri biyu ne manya. Akwai rol, ni kalmasa nake ce masa dan daidai yake da yadda tela ke kalmashe bakin riga, leɓen kwanso ne ake lanƙwasawa ciki ya shige wata 'yar ɗamara da ke jikin ƙwaya. Akwai tefa, shi baya lanƙwasa komai, gefen bakin yake matsowa a hankali ya kwanta a jikin ƙwaya, leɓen yana nan a miƙe. Harsashin libarba da leɓen gindi yake tsayawa a silinda, saboda haka ko ka kalmashe baki babu abin da ya dame shi. Irin su 9mm da .45 ACP kuwa da bakin kwanso suke tokarewa a ɗakin harsashi na gindin bututu, in ka kalmashe ka cire musu abin tsayawa, shi yasa su tefa ne.

Amma kar ka tsaya a "libarba rol, fistol tefa" ka ce ka gama, ƙwayar da ke hannunka ita zata gaya maka. Ɗauko ta ka duba.

In ƙwayar dalma ce mai kwarmi mai zurfi a sama da ramin man shafawa, irin zanen Elmer Keith, mutumin nan na Idaho da ke cikin waɗanda suka sa aka yi .357 Magnum a 1935 da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, to wannan kwarmin dan kalmasa aka yi shi, gefensa ma a gangare yake dan leɓen kwanso ya bi. Ka kalmasa da kyau. In mai rigar jan ƙarfe ce mai ɗamara mai zane zane kamar gefen kwabo, ita ma rol, sai dai ɗamarar bata da zurfi, kar ka tura fiye da abin da zata ɗauka. In ƙwayar dalma ce da aka yi wa fentin jan ƙarfe siriri, irin na Berry's, sumul babu ɗamara, kar ka kuskura ka yi mata kalmasa mai ƙarfi, leɓen zai yanka rigar kamar reza, a bututu ta sulluɓe, kaga ramuka a takarda ko'ina har da gutsattsari. Wannan tefa mai sauƙi take so ko da a libarba ce, kuma dan ɗuri mai sanyi aka yi ta ba na magnum ba. Akwai dayis ɗin tefa na .38 da .357 a kasuwa saboda irin wannan. In kuma mai kan gwangwani ce, ta giren 148 da ake harbin takarda da ita wadda ake nutsar da ita daidai da bakin kwanso, kawai ka mayar da buɗin da kayi, ka ɗan rufa leɓen kaɗan a kan kafaɗarta dan ta shige silinda ba gardama. Sai libarba masu cin harsashin fistol da faifan ƙarfe mai riƙe su ta gindi, kamar tsohuwar M1917 ta yaƙin duniya na farko ko Smith & Wesson 625 ko Ruger LCR ta 9mm, su tefa ne amma dole ka gwada, dan 9mm a ƙaramar libarba an san shi da zamewa.

Ra'ayina, kuma na san wasu zasu yi musu: mutane sun fi yin kuskuren matsewa da yawa fiye da rashin matsewa. Wanda silinda ta taɓa cije masa sai ya huce a kan dayis, nima na yi. Abin da baka sani ba, in ka danne fiye da kima tagulla tana da ɗan tsalle tana dawowa, dalma kuwa in ta matsu ta matsu kenan, sai ka wayi gari ƙwaya ta rame a cikin kwanso, riƙon ya ragu maimakon ya ƙaru. Wani lokacin ma kwanson ya yi ƙusumbi a ƙasan baki ya ƙi shiga silinda. In zaka iya juya ƙwaya da yatsa bayan ka zaunar da ita, ko ka danna kanta a gefen teburi ta shige, matsalarka ba kirimp bace, ko dayis ɗin buɗa baki ya yi kauri, ko ƙwayar ta yi siranta, ko tagullar ta tsufa. Harsashi mai riƙo na gari har zaka ga alamar gindin ƙwaya ta ɗan fito a jikin kwanso kamar maciji ya haɗiyi ƙwai.

Ga yadda ake saita dayis na uku, wanda ke zaunar da ƙwaya kuma ya matse. Da kwanso marar firaima marar albarushi zaka fara. Sa shi a mariƙi ka ɗaga sama, murɗo dayis har ka ji ya taɓa leɓen, sai ka warware shi zagaye ɗaya cif, ka ɗan kulle. Yanzu babu matsi, zaunarwa kawai. Ɗora ƙwaya, ka riƙa murɗa sukurun sama kaɗan kaɗan kana dubawa, har leɓen kwanso ya zo can saman kwarmin, ya rage ɗan siririn layi kawai ake gani. Auna tsawon gaba ɗaya ka gwada da na littafi, iyakar .38 Special inci 1.550 ne, .357 kuma 1.590, .44 Magnum 1.610, kuma kar ka nutsar da ƙwaya ƙasa da abin da littafi ya gwada da shi. In ya yi, warware sukurun sama sosai ya tashi daga kan ƙwaya, wannan shi mutane ke mantawa. Sai ka kwance zobe, harsashi na sama, ka murɗo dayis har ya taɓa leɓe, sauke mariƙi, ƙara kwatan zagaye, ɗaga, fito da shi ka duba a haske. Ka riƙa ƙarawa da rabin kwata rabin kwata. In ya kai yadda kake so ka kulle zobe tam, harsashi na sama, ka murɗo sukurun har ya taɓa kan ƙwaya, shikenan. Ajiye wannan holoƙon harsashin ka rubuta a jikinsa, gobe da shi zaka saita cikin minti ɗaya.

Ya ake gane ya yi? Kalmasa mai sauƙi, in ka ja farce daga ƙwaya zuwa kwanso ba zai maƙale a leɓe ba, ido zai ga ɗan lanƙwasa. Matsakaiciya, lanƙwasan ya fito a zagaye sumul ya shige kwarmi. Mai ƙarfi, leɓen ya kai ƙasan kwarmin. In kaga wani fili mai ƙyalli a bakin kamar an goge da guduma, ko kumburi a ƙasa, ka wuce gona da iri, koma baya. Kuma ka bugo ƙwaya ɗaya da gudumar roba ka duba jikinta, layi siriri babu laifi, amma in ta yi ƙugu kamar kwalbar lemo ko rigar ta yanke to ka rage. Shi tefa da kalipa ake gane shi, ka auna daidai leɓe, a .45 ACP wajen inci 0.470 ake nema, iyakarsa 0.473.

Ni dai yanzu na daina haɗa biyun a tafiya ɗaya, sai na zaunar da duka hamsin sannan na dawo na matse. Dalili, in ana yi tare ƙwaya na kan sauka leɓe na rufewa, a kalmasa mai ƙarfi sai ya kankaro dalma. Zaka iya da dayis ɗaya ka saita sau biyu, ko ka sayi na huɗu. Redding na da wanda suke kira Profile, yana fara matse gefe sannan ya kalmasa, a magnum ina jin daɗinsa. Lee na da Factory Crimp, saitinsa sauƙi, ka murɗa sukuru ya taɓa leɓe, rabin zagaye matsi mai sauƙi, zagaye ɗaya mai ƙarfi, sai dai akwai zoben kabayid a gindinsa da ke sake matse harsashin gaba ɗaya, in ƙwayar dalmarka mai kauri ce kamar .358 ko .359 a kwanso mai kaurin bango zai iya rage mata ƙiba, daga nan sai dalma ta fara shafewa a bututu. In ka ji yana gurzar kowane harsashi, cire ƙwaya ɗaya ka auna kafin da bayan.

Kafin ka fita, jefa kowane ɗaya a ma'aunin harsashi, ko a silindar bindigarka a buɗe yatsa nesa da kunama, ya faɗa da kansa ya fito da kansa. Rubuta takarda ka saka a kwalin: ƙwaya, albarushi da awonsa, firaima, tsawo, zagaye nawa ka ba dayis, kwanan wata.

Sai gwajin da dattijon nan ya koya min, wanda shi ne alƙali. Kar ka ɗura ɗari, sha biyu ya isa. Ɗauki ɗaya ka yi masa alama da maka a gindi, ka auna tsawonsa ka rubuta. Cika silinda mai cin shida, ka jera ta yadda mai alamar zai zo ƙarshe, harba biyar, buɗe ka fito da shi ka auna. Mayar da shi, ƙara biyar sababbi, harba, sake aunawa, kaga ya sha shuri goma kenan. In bai motsa ba ko ya ƙaru da inci 0.002 ko 0.003 ya tsaya nan, ka samu. In yana ta tafiya har leɓe ya fara fita daga kwarmi, koma gida ka fara duba riƙon kwanso, sannan ka ƙara rabin kwatan zagaye ka sake gwadawa. Kuma a bindigar da zaka yi amfani da shi zaka gwada, in kana da biyu to a marar nauyin. Nawa na ranar can da na koma na auna ragowar kwalin, bambancin tsawon kwansunan ya kai inci 0.012 tsakanin dogo da gajere, na zauna da gudumar roba na kwance arba'in da ɗaya a daren, madam tana leƙowa tana tambaya wai me nake ta daka a gareji.